Ɓawon Kallamu

Ina tsugune a rumfata ina tsince albasar da ta fara laushi, sai wayata ta yi ƙara. Hantsi ne, hadari ya fara haɗowa ta wajen gada. Na duba na ga sunan Kallamu, na ɗauka da tsokana kamar yadda muka saba.

"Babarbare, ka isa Inugun ne, ko an sauke ka a hanya don surutu?"

Muryar mace na ji. Da buroka take magana, wato Turancin kasuwa, tana haki, bayanta kuma hayaniyar mutane.

"Aboki, your brother don die o."

Na ce ta sake faɗa. Ta ce ɗan'uwana ya mutu. Yana cikin aiki ya sauko daga tsani ya zauna, ya dafe ƙirji, ya nemi ruwa, kafin ta kawo kofi har ya kwanta. Ta ce in zo maza, mai gidan da take haya yana ta faɗa, zai kira motar mutuware, ɗakin ajiye gawa, a ɗauke shi daga ƙofarsa. Na ce a ina ne? Na ji ta ce Ogui, wata unguwa a Inugu, sai layin ya yanke. Na sake kira, wayar a kashe. Na yi ta kira, a kashe.

Na yi salati, na zauna a kan buhu. Allah ya gafarta mini, ba mutuwar ce ta fara tsaya mini a rai ba. Kalmar mutuware ce. Duk wanda ya san Kallamu a Anacha ya san abu ɗaya yake tsoro a duniya, shi ne a kai gawarsa can.

Kallamu mutumin Nguru ne. Ɗinkin tamfol yake yi a Upper Iweka, a wata 'yar rumfa bayan inda manyan motocin Arewa ke lodi. Ni kuwa Falalu, daga Aliero na zo, albasa nake sayarwa kusa da gada. Tun muna samari muke tare a garin nan, ɗaki ɗaya muka yi haya kafin kowa ya yi aure. Uwata Bafillatana ce, don haka tun ranar farko ya mai da ni abokin wasa, ni ma ban raga masa ba.

Tsoron nan nasa yana da asali. Shekarun baya wani ɗan dako daga garinsu ya yanke jiki ya faɗi a babbar kasuwa. Waɗanda ba su san shi ba suka kai shi asibiti, daga can aka wuce da shi ɗakin ajiye gawa. An daɗe ana cigiya kafin a gano inda yake. Ni da Kallamu muka je karɓo shi. Mutanen ƙasar nan ba da mugunta suke yi ba, al'adarsu ce su ajiye mamaci har dangi su shirya. Amma mu da muka saba a rufe mutum kafin rana ta faɗi, abin da muka gani ya fi ƙarfinmu. An yi masa allurar da ke hana gawa lalacewa, ya sandare kamar itace, yana kwance cikin wasu, babu ko ƙyalle a jikinsa. Kallamu ya tuɓe rigarsa ya rufa masa, ya fito da singileti.

Washegari ya sayi farin yadi, ya yanka, ya ɗinka likkafaninsa da hannunsa. Ya yi masa jaka ta koren tamfol mai marfi biyu, don kada ruwa ya shiga. Daga ranar duk inda za shi, ko Fatakwal ko Asaba, jakar tana rataye a kafaɗarsa. Kuma ba ya ɓoye maganar. Direban da ya kawo faci sai ya ji ta, mai sayar da ruwan leda ma sai ta ji ta.

"In na faɗi a gabanka, ka rufe ni, ka kira Hausawa. Kada ka bari a sa ni a firji, ni ba kifi ba ne."

Da Hausa yake faɗa, da buroka, har da guntun Ibon da ya iya. Dariya muke yi masa. Ni na fi kowa.

Wannan karon ne kaɗai ya yi tafiya babu likkafanin. Yana rumfata, a naɗe cikin sabon buhun albasa, a saman katakon rufi. Shi ya ba ni ajiya da yammacin da ya gabata.

Na sauko da shi, na zare shi daga buhun na cusa cikin rigata. Na kira Alhaji Indabawa, dattijon da ke sayar da goro a Ogui, wanda Hausawan can ke kai wa kukansu. Alhaji mutumin da ne, ba ya tsallake gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwa, ina ta amsawa. Da na samu na faɗa masa, ya yi salati.

"Ogui ta ina, ɗana? Ogui ai gari guda ne."

"Ban sani ba, Alhaji. Kallamu dai ya ce wata mai sayar da abinci zai kafa wa rumfa."

"Masu abinci a Ogui sun fi gashin kanka yawa. To, zan tura mutane. Kai dai ka taho."

Na nemo Dogara, direban a-kori-kurar da ke ɗauko mini kaya. Yana cikin cin abinci ya ture kwanon, bai ko wanke hannu ba ya tayar da mota. Muka biya ta gidan Kallamu don yana kan hanya. Matarsa Zuliha tana shanya a tsakar gida, tana ɗaga kai tana duban hadari. Ta gan ni, ta ga farin yadi yana leƙowa ta wuyan rigata. Nan take ta zauna a ƙasa. Na durƙusa zan yi mata ta'aziyya, ta ɗaga mini hannu.

"Malam Falalu, kada ka tsaya a kaina. Ka san abin da Baban Khairiyya ya ce. Duk inda ka same shi, a rufe shi a can. Ba sai na gan shi ba."

Na fita da gudu.

Upper Iweka ta tare mu. Wata tirela ta gitta a mahaɗa, motoci sun cakuɗe, 'yan okada suna kutsawa ta gefen kwata, kowa na danna hon. Dogara ya leƙa ya yi zagi da harshe uku, babu abin da ya motsa. Kuma inda muka tsaya daidai rumfar Kallamu ne. Na juya na gan ta a rufe. Keken ɗinkinsa na ciki da rigarsa, na sani ko ban gani ba. Bencin waje a lulluɓe. Ko kwaɗon ƙofar sai da ya yi masa 'yar hula ta tamfol don tsatsa.

Haka yake. Bai iya ganin abu a buɗe ba. Kuma duk abin da ya rufe wani abu, a bakinsa suna ɗaya gare shi, ɓawo. Kowa ya san ɓawon gyaɗa da ɓawon rake da ɓawon itace. Shi kuwa tamfol ɗin tirela ɓawo ne, kuben wuƙar mahauci ɓawo ne, gafakar Alƙur'ani ɓawo ce, hular kwanon ɗan okada ma ɓawo ce. Mukan yi musu a kai. In ce masa Bahaushe ya ba kowane abu sunansa, kai ne dai Hausarka ba ta nuna ba. Sai ya ce, "Sunaye ne da yawa, Bafillace, aikin ɗaya ne. Wani ya sha rana da ruwa don na ciki ya zauna lafiya." Sai ya ci gaba da soka basilla, zare a baki.

Da ƙyar muka fita daga gari. Ina kiran wayarsa, ana ce mini a kashe take. Na kira Alhaji, ya ce mutanensa sun leƙa wurare, ba su ga taro ba, ba su ji labari ba. Muna wuce Awka ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Dogara ya rage gudu don ba ya ganin ramuka. Ni kuwa idona ba ya ganin hanya, motar mutuwaren nan nake gani tana tsayawa, mutum biyu suna saukowa da safar hannu, suna ɗaukar Kallamu ta ƙafa da kafaɗa.

"Ko sun ɗauke shi ai za mu karɓo," in ji Dogara.

"Bayan sun yi masa allurar? Bayan sun tuɓe shi?"

Sai ya nuna bayan motar da babban yatsa, inda ruwa ke dukan tamfol. "Wancan ma shi ya ɗinka. Damina nawa, ko ɗigo bai taɓa shiga ba. Ranar da na je karɓa sai da ya sa na rantse ba zan bari a sa shi a firji ba. Na ce Malam, ni tamfol na zo saya." Ya yi 'yar dariya, ya goge fuska da hularsa.

Na danna likkafanin a ƙirjina don kada feshin taga ya taɓa shi. Sai na tuna yadda muka haɗu.

Ina sabon zuwa ne, buhunan farko da aka ba ni. Na lura matan garin nan sun fi son albasa mai sheƙi, sai na zauna ina murje busasshen ɓawon da tafin hannu, ina jera su jajaye suna ɗaukar ido. A Aliero ba komai ba ne, iska busasshiya ce. Wani dogon saurayi da naɗin tamfol a ka ya tsaya a kaina.

"Kai, wa ya ce ka tuɓe musu riga?"

"Ina ruwanka?"

"Nan ba garinku ba ne. Iskar nan ruwa ce zalla. Ka ga kogin Kwara can? Yana shigowa har cikin buhu."

Na kore shi. Kafin mako ya zagayo rabin kayan sun yi ruwa, wari ya hana maƙwabta zama. Ina zaune ina tunanin abin da zan gaya wa ubangidana sai ga shi ya dawo. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya tsuguna ya taya ni tsince masu rai, ya ɗaura mini wani tsohon tamfol a sama, ya ɗaga gefe ɗaya don iska ta ratsa. Da zai tafi ne ya ce, "Allah bai yi abu tsirara ba sai ɗan Adam. Shi ya sa muke shan wahala." Tun ranar muke tare.

Azahar ta wuce muka shiga Ogui, ruwa ya ragu amma bai tsaya ba. Alhaji Indabawa yana tsaye ƙarƙashin lema a bakin shagonsa, ya girgiza kai tun daga nesa. Ruwa ya kori kowa daga titi, babu wanda za a tambaya. Wasu na cewa a fara bin asibitoci. Na ce a'a. In muka fara bin asibitoci, mun yarda ke nan an ɗauke shi.

Na ce ni zan gane aikinsa. Duk tamfol ɗin da Kallamu ya ɗinka, yakan ƙara jan ƙyalle mai kusurwa uku a kowace kusurwa, inda igiya ke ja, don nan ne yake fara yagewa. Sabuwar rumfa shuɗiya ya tafi da ita, a gabana ya ɗauke ta. Sai mu nemi shuɗiyar rumfa mai jan kunne.

Muka bar motar, ni da Dogara muka bi layi-layi, kanmu a sama. Na ga rumfunan kwano, na ga na leda, na ga shuɗaye da yawa amma babu ja a kusurwarsu. Na ga ɗaya mai jan kunne a kan wani mai faci, gabana ya faɗi, muka je da gudu. Tsohon aiki ne, ya koɗe, mai facin ya ce rabonsa da Kallamu tun bara. Muka koma. Muka shiga wani lungu bayan shagunan kayan gini, muka fita, muka sake shigarsa ta ɗaya bakin ba mu sani ba. Takalmina ya tsinke na bar shi a kwata. Na ji ana kiran la'asar daga nesa. Na fara cewa a raina, ka yafe mini, Babarbare, na makara.

Dogara ne ya ja hannun rigata.

"Falalu. Daina kallon sama."

A cikin lungun nan da muka wuce har sau biyu akwai sanduna huɗu a tsaye, babu komai a kansu, tsani a jingine. Shi ya sa idona bai tsaya a wurin ba. Rumfar tana ƙasa. An ninka ta, an lulluɓe wani abu mai tsawo da ita a gindin bango, an danne gefunan da bulo. A kusurwar da ke kusa da mu, jan ƙyalle mai kusurwa uku. Wata mata mai jiki tana zaune a kan 'yar kujera, cikin ruwa, ta ɗora ƙafa ɗaya a bakin tamfol ɗin. Zaninta ya jiƙe ya manne mata. Bayanta murhu ya mutu, ruwa yana dukan marafan tukwane.

Ta dube mu ta ga farin yadi a wuyana. Ta miƙe.

Sunanta Madam Obiageli, shinkafa da wake take sayarwa. Da buroka ta ba mu labari, tana yi tana share ruwa daga fuska. Da safe Kallamu ya kwance mata tsohuwar rumfar, yana shirin ɗora sabuwar abin ya faru. Wayarsa ta ɗauka ta kira lambar ƙarshe, tana cikin magana caji ya ƙare, ita kuma ba ta da lambar Bahaushe ko ɗaya. Motar ta zo, in ji ta. Mai gidan ne ya kira motar, ta zo har bakin lungu. Ita da wasu mata biyu masu sayar da ayaba suka zauna a gefen tamfol ɗin, suka ce danginsa suna hanya. Aka yi ta cacar baki har ruwa ya sauko, masu motar suka ce za su dawo in ya ɗauke.

"Tun rumfar farko da ya yi mini yake damuna da maganar nan," in ji ta. "Kullum ya zo sai ya faɗa. Ya ce shi ba kifi ba ne."

Ban san lokacin da dariya ta kubce mini ba, ta juye kuka. Na durƙusa a cikin taɓo na ce mata na gode, na ce Allah ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa masa. Ban sani ba ko ta ji Hausar, amma ta dafa kaina.

Na ture bulo ɗaya na ɗaga kusurwar. Yana kwance a gefensa na dama, ta sa masa kwali a ƙasa. Busasshe ƙarau, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Hularsa na kansa, basilla a soke a jikinta kamar kullum. Fuskarsa kamar ta wanda ya gaji ya ɗan kishingiɗa. Na ce, "Na zo, Babarbare. Na kawo maka."

Alhaji Indabawa ya iso da mutane. Shi ya yi magana da 'yan sanda, shi ya nemo likita ya duba, ni ban iya komai ba sai riƙe ƙafar Kallamu. Muna ɗora shi a bayan motar Dogara ruwa ya ɗauke. Muna fita ta wannan bakin lungu, Dogara ya ce ya hango wata farar mota tana shigowa ta wancan. Ban waiwaya ba.

A bayan masallaci aka yi masa wanka. Da na warware likkafanin, warin albasa ya tashi, liman ya ɗago ya dube ni.

"Malam, wannan daga ina?"

"Daga rumfar abokinsa, Allah ya gafarta malam."

Aka ƙara turare. Ya shiga cikinsa daidai, don shi ya auna kansa. Muka sallace shi, muka kai shi maƙabartar Musulmi, muka rufe shi rana ba ta kai ga faɗuwa ba. Na kira Zuliha na ce an yi. Ta ce alhamdu lillahi, sannan ta fara kukan da ta riƙe tun safe.

Kafin mu bar Inugu mun koma wurin Madam Obiageli. Na zaci ba za ta so tamfol ɗin da ya rufe gawa a kan abincinta ba. Ta ce mu wanke mu ɗaura mata. Ni da Dogara muka hau tsani muka ɗaura, ya karkace ta gefe ɗaya. Da yana nan da ya sa mun kwance.

Har yanzu in na ɗaga kai a rumfata na ga katakon nan, yammacin nake tunawa. Ya shigo da naɗin shuɗin tamfol a ka, ya sauke, ya zaro farin yadi daga cikin rigarsa, haka nan babu jaka. Na tambaye shi ina koriyar jakar. Ya ce 'yarsa Khairiyya ce ta dawo makaranta tana kuka, jakarta ta yage, ruwa ya jiƙa littattafanta. Ya zazzage tasa ya ba ta. Aikin Madam ya hana shi ɗinka wata, kuma ba zai ɗauki farin yadi tsirara cikin damina ba. Ya zaɓi sabon buhu a cikin nawa, ya naɗe shi da kansa, ya miƙa hannu ya ɗora a saman katako.

"Riƙe mini ɓawona, Bafillace. Gobe zan je in dawo."

"Yau kuma? Kai da ko wurin mai shayi ba ka zuwa ba shi?"

"Inugu ai nan da nan ne."

"To in ka mutu a can fa?"

"Sai ka kawo mini. Shi ya sa na ba ka, ban ba wani ba. Bafillace ba ya gajiya da tafiya."

Ya sunkuya, na taya shi ɗora tamfol ɗin a ka. Har ya kai bakin rumfa na ce, "Zai yi warin albasa fa."

Bai juyo ba, don kayan da ke kansa. Ya ce, "Ya yi mana. Mala'iku su san da wanda na yi zama."